Safiyuddin al-Urmawi: Malamin da ya zana kiɗa cikin da'ira, ya mutu a tsare kan bashin dinari 300

A Cadawa, ko Gazawa, ko Gidan Runji, idan mai gurmi zai fara wasa sai ya ɗan ja tsirkiya, ya taɓa ta, ya kasa kunne, ya sake ja har sai amon ya zauna masa. Kunne ne ma'auninsa, kuma a wurin maigidansa ya koya. Matashin da ke haɗa kiɗa a situdiyo a Maraɗi ko Kano kuwa da ido yake aiki: kowane sauti yana bayyana a fuskar kwamfuta, ya ja shi sama, ya ja shi ƙasa, ya ji yadda ya canza.

Fiye da shekara 750 da suka wuce, an yi wani malami a Bagadaza da ya haɗa waɗannan hanyoyi biyu. Makaɗi ne da yatsunsa suka san tsirkiya, kuma masanin lissafi ne da ya auna kowane sauti, ya ba shi lamba, ya zana shi a takarda yadda ido zai gani. Sunansa Safiyuddin al-Urmawi. Kiɗansa ya kai shi fadar halifa, ya fitar da shi da rai a ranar da aka yi wa Bagadaza kisan kiyashi, amma bai hana shi ƙarewa a tsare saboda bashi ba.

Ɗalibin fiƙihu mai kyan rubutu

Cikakken sunansa Safiyuddin Abdulmumin ɗan Yusuf ɗan Fakir. An haife shi wajajen shekarar 1216, wato 613 bayan Hijira. Laƙabinsa na al-Urmawi ya samo asali ne daga Urmiya, wani gari da ke arewa maso yammacin ƙasar Iran ta yau.

A Bagadaza ya yi karatu tun yana yaro. Ya koyi Larabci da adabi da tarihi, sannan ya karanci fiƙihun mazhabar Shafi'iyya da ilimin saɓanin malamai a makarantar Mustansiriyya, wadda Halifa al-Mustansir ya aza harsashinta a 1227 domin a riƙa koyar da mazhabobi huɗu a wuri guda. Ginin makarantar yana nan tsaye a bakin kogin Dijla har yau.

Abin da ya fara fito da shi shi ne alƙalami. Ya ƙware a rubutun hannu har aka ɗauke shi aikin kwafar littattafai a sabon ɗakin karatun da Halifa al-Musta'asim ya gina. Wannan halifa, wanda ya hau mulki a 1242, shi ne na ƙarshe cikin halifofin Abbasiyya a Bagadaza. Ana lissafa Yaƙut al-Musta'asimi, ɗaya daga cikin mashahuran masu rubutun Alƙur'ani a tarihin Musulunci, cikin waɗanda suka yi karatu a gaban Safiyuddin.

A gefe guda kuma yana kaɗa ud, molon Larabawa mai ƙaton ciki da gajeren wuya, yana kuma koyar da mawaƙa. Wata ɗalibarsa mai suna Luhaz, wadda halifa ke ji da waƙarta, ita ce ta zama sanadin shigarsa fada. Daga nan ya shiga sahun abokan hirar halifa, aka yanka masa dinari 5,000 a shekara.

Lissafin da ke cikin tsirkiya

A zamaninsa malamai suna sanya ilimin kiɗa a rukunin ilimomin lissafi, tare da ƙidaya da ilimin awon siffofi da ilimin taurari. Al-Kindi ya yi rubutu a kai, haka al-Farabi wanda ya rasu a 950, haka Ibn Sina wanda ya rasu a 1037. Tushen maganar ya faro tun daga Girkawa, musamman almajiran Fisagoras.

Abin da suka gano ba shi da wuyar gwadawa. A ɗauki tsirkiya mai tsawon santimita 90. Idan aka danne ta a tsakiya, ya zama santimita 45 ne kaɗai ke kaɗawa, za a ji sautin farko ya dawo, sai dai da siririyar murya, kamar yadda yaro ke bin babba a waƙa ɗaya. Wannan tazara ita ce ninki, lissafinta 2 bisa 1.

Idan aka bar kashi biyu cikin uku na tsirkiyar, wato santimita 60, za a samu sautin da ya fi kowane dacewa da na farko bayan ninki. Lissafinsa 3 bisa 2. Idan aka bar kashi uku cikin huɗu, santimita 67.5, a samu wani mai daɗin haɗi, 4 bisa 3. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne cikakken taki, 9 bisa 8, wanda Larabawa ke kira ɗanini. A tsirkiyar da ake misali da ita, yana faɗawa ne a santimita 80.

Amma akwai inda gizo ke saƙar. Idan aka yi ta hawa da tazarar 3 bisa 2 sau goma sha biyu, kunne yana sa ran a dawo kan sautin da aka faro, a ninki na bakwai. Lissafi ya ƙi. Ninki bakwai 128 ne, hawa goma sha biyun kuwa ya kai kusan 129.75. Wannan ɗan gibi ya hana masana kiɗa barci na ƙarnoni, domin ya nuna cewa zoben sautuka ba ya rufuwa da kansa. Dole kowace al'umma ta zaɓi yadda za ta yi da shi.

Taki goma sha bakwai

Safiyuddin ya ɗauki gibin ya mayar da shi tubali. Ya raba kowane cikakken taki gida uku: ƙaramin taki da ake kira baƙiyya, mai lissafin 256 bisa 243, sai wata baƙiyyar, sai ɗan gibin nan da ya rage. A tsirkiya mai santimita 90, alamar farko tana faɗawa wajen 85.4, ta biyu wajen 81.1, ta uku a 80 daidai. Tsakanin biyun ƙarshe kusan santimita ɗaya ne kawai, amma kunnen gwani yana rarrabe su.

Ninki guda yana ɗauke da cikakkun taki biyar da baƙiyya biyu. Biyar sau uku 15, a ƙara biyu, 17. Haka ya samu taki 17 a cikin ninki, inda madannan fiyano na yau ke da 12. A ma'aunin zamani da ke raba ninki gida 1,200, baƙiyya tana da kusan 90, ɗan gibin kuma kusan 24, alhali kowane takin fiyano 100 ne cif.

Sai ya ba kowane sauti suna da haruffan abajada, irin waɗanda malaman zaure ke hisabi da su: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, har zuwa 18, wanda shi ne ninkin na farko. Duk almajirin da ya san ƙimar haruffa zai iya bin jerin ba tare da ya koyi wata sabuwar alama ba. A ƙarƙashin kowane harafi kuma yakan sa lamba da ke nuna tsawon lokacin da za a riƙe sautin. Da wannan dabara ya rubuta wasu 'yan gajerun karin waƙa a littafinsa, waɗanda ke cikin mafiya daɗewa da suka iso zamaninmu a rubuce daga ƙasashen Musulmi na gabas.

Littafin da'irori

Littafin da ya ɗauki wannan tsari shi ne Kitab al-Adwar, ma'ana littafin da'irori, wanda ya rubuta tun kafin faɗuwar Bagadaza. Ɗan ƙaramin littafi ne mai babi 15, an tsara shi domin mai koyo.

Ya raba ninki gida biyu: ɓangaren ƙasa mai taki bakwai, da ɓangaren sama mai taki goma. Ya fitar da hanyoyi bakwai na jera sautuka a ɓangaren ƙasa, da hanyoyi 12 a ɓangaren sama. Idan aka aura kowace ta ƙasa da kowace ta sama, bakwai sau 12, za a samu jeri 84. Kowane jeri shi ne daur, wato zagaye, domin yana ƙarewa ne a kan sautin da ya faro.

A nan zane ya shigo. Yakan zana da'ira, ya rubuta haruffan sautukan a gefenta, sannan ya ja layi tsakanin duk sautuka biyu da suka dace da juna, wato masu tazarar 2 bisa 1, ko 3 bisa 2, ko 4 bisa 3. Da'irar da layuka suka yi yawa a cikinta, jerinta mai daɗin ji ne. Wadda layukanta suka yi ƙaranci, jerinta yana karo da kunne. Ɗalibi yana iya ƙirga layukan da yatsa ya san hukuncin jerin tun kafin ya ɗauki ud, sannan ya kaɗa ya tabbatar. Ya kuma yi jadawalin da ke nuna yadda za a ɗaga jeri guda a fara shi daga kowane ɗaya cikin taki 17, abin da makaɗi ke bukata idan muryar mawaƙi ta fi ƙarfin inda aka ɗaure tsirkiya.

Daga cikin waɗannan zagaye ya ware 12 da makaɗan zamaninsa suka fi amfani da su, ya rubuta sunayensu. Akwai Ushshaƙ, Nawa, Rast, Iraƙ, Isfahan, Husaini da Hijazi. Wanda ya taɓa zama a Masar ko Saudiyya ko Libiya, ko yake bin darussan maƙamai na masu ƙira'a, zai gane wasu daga cikin sunayen, ko da yake abin da ake nufi da su ya sauya da tafiyar zamani.

Bugun kiɗa ma a da'ira ya sa shi. Yakan rarraba bugu a gefen zobe, ya haɗa su rukuni-rukuni da gaɓoɓi irin su tan da tanan da tananan, yadda mai koyo zai furta da baki kafin ya buga. Ɗaya daga cikin zagayen, mai suna saƙil na farko, bugu 16 gare shi. Wannan dabara 'yar'uwar ta aruli ce, domin tun a ƙarni na takwas Khalil ɗan Ahmad ya jera ma'aunan waƙar Larabci cikin da'irori biyar, ma'aunan da marubuta waƙoƙin Hausa na ajami suka daɗe suna gina baitoci a kansu.

Tsarin bai rasa tawaya ba. Makaɗan Bagadaza suna da wani sauti na tsaka-tsaki da ake jingina wa Zalzal, gwanin ud na zamanin Haruna Rashid. Wannan sauti ba ya fita daga hawan 3 bisa 2, don haka Safiyuddin ya ajiye shi a takin da ya fi kusa da shi cikin 17 ɗin. Masu bincike na zamani sun nuna cewa a nan lissafin ya ɗan kauce wa abin da yatsun makaɗa ke yi.

Ranar da Bagadaza ta faɗi

A ƙarshen Janairun 1258 rundunar Mongol ƙarƙashin Hulagu, jikan Jengis Khan, ta yi wa Bagadaza ƙawanya. Ranar 10 ga Fabrairu halifa ya miƙa wuya. Aka shiga birnin da kisa da ƙone-ƙone da kwasar ganima na kwanaki, aka lalata ɗakunan karatu, sannan aka kashe al-Musta'asim. Daular da ta shafe sama da shekara 500 tana mulki ta zo ƙarshe.

Safiyuddin yana cikin birnin, kuma kowa ya san shi na hannun daman halifa ne. Masu tarihi sun ruwaito cewa da aka rarraba unguwanni ga kwamandojin Mongol, sai ya tarbi wanda aka ba unguwarsu, ya sauke shi a gidansa, ya cika shi da abinci da kyaututtuka da kiɗa. Ta haka unguwar ta tsira daga abin da ya samu sauran. Daga baya aka kai shi gaban Hulagu da kansa, ya kaɗa masa ud. Abin ya burge Hulagu har ya ninka masa abin da yake samu a wurin halifa.

Wannan shi ne wuri mafi nauyi a tarihinsa. Mutumin da ya ci abincin halifa shekara da shekaru ya koma yana kaɗa wa wanda ya kashe shi. Wasu za su kira abin butulci. Wasu kuma za su ƙirga maƙwabtan da suka kwana da rai saboda shi. Makaɗan fada a ko'ina sun san wannan tsaka-mai-wuya, domin abincinsu yana hannun wanda ke kan karaga, kuma karaga ba ta da tabbas.

A inuwar gidan Juwaini

A sabuwar gwamnati an ba shi kula da dukiyar waƙafi ta Iraƙi, ya riƙe har wajajen 1267, lokacin da aikin ya koma hannun Nasiruddin al-Ɗusi, shahararren masanin taurari da lissafi.

Waɗanda suka riƙe shi a wannan zamani su ne 'yan gidan Juwaini. Ala'uddin Aɗa Malik, marubucin tarihin Mongol, shi ne gwamnan Bagadaza. Ɗan'uwansa Shamsuddin Muhammad shi ne babban waziri mai kula da baitulmali. Safiyuddin ya koyar da ɗan wazirin, Sharafuddin Haruna, kuma dominsa ya rubuta littafinsa na biyu wajajen 1267, ya sa masa suna al-Risala al-Sharafiyya. Wannan ya fi na farko zurfi a lissafi, ya bi kason lambobi dalla-dalla, ya kuma tattauna abin da al-Farabi da Ibn Sina suka faɗa.

Ana kuma jingina masa ƙirƙirar kayan kiɗa biyu: nuzha, wani allo mai kusurwa huɗu da aka shimfiɗa wa tsirkiyoyi da yawa, da mugni, wanda ya haɗa siffar ud da ta irin wannan allon.

An san shi da sakin hannu. Kuɗi suna shigowa da yawa, suna fita da yawa wajen liyafa da baƙi. Muddin gidan Juwaini na tsaye, babu wanda ya tambaye shi.

Bashin dinari 300

Sai iska ta juya. Aɗa Malik ya rasu a 1283 bayan an sha tuhumarsa da cin dukiyar hukuma. A 1284 sabon sarkin Mongol, Argun, ya sa aka kashe Shamsuddin. Ba a jima ba aka kashe Sharafuddin Haruna, ɗalibin da aka rubuta wa littafi. Cikin 'yan shekaru duk waɗanda Safiyuddin ke jingina da su suka kau.

Tsufa ya zo masa tare da talauci. Wani da ke bin sa dinari 300 ya kai ƙara, aka tsare shi. Mutumin da a da yake samun dubban dinari a shekara ya kasa biyan abin da bai kai albashinsa na wata ɗaya a zamanin halifa ba. A tsare ya rasu a Bagadaza a farkon shekarar 1294, wato 693 bayan Hijira, yana da kimanin shekara 78.

Abin da ya rage

Littattafan sun yi nisan kwana fiye da masu gidansa. Ƙuɗubuddin al-Shirazi, wanda ya rasu a 1311, ya gina babin kiɗa na kundinsa Durrat al-Taj a kan aikin Safiyuddin. A 1375 aka yi wa Kitab al-Adwar wani babban sharhi da ake jingina wa Mubarak Shah. Abdulƙadir al-Maragi, babban makaɗin zamanin Taimur da 'ya'yansa wanda ya rasu a 1435, shi ma ya yi masa sharhi. An fassara littafin zuwa Farisanci da Turkanci, har kalmar edvar ta zama sunan da Turkawa ke kiran littattafan ilimin kiɗa da shi. A 1938 fassarar littattafan biyu ta fito da Faransanci a cikin jerin kundin da Rodolphe d'Erlanger ya assasa kan kiɗan Larabawa.

Duniya ba ta tsaya kan 17 ba. Turawa sun raba ninki gida 12 daidai wa daida, suka ɗan rage kowace tazarar 3 bisa 2 domin zoben ya rufu. Masana kiɗan Larabawa na baya-bayan nan sun karkata ga gida 24, batun da aka yi ta muhawara a kansa a babban taron kiɗa na Alƙahira a 1932. Kowane tsari yana da abin da ya samu da abin da ya rasa.

Tsarin gida 12 shi ne ke zuwa a shirye cikin fiyano da manhajojin haɗa kiɗa irin su FL Studio, kuma shi ne Auto-Tune ke jan murya zuwa gare shi idan ba a sauya masa saiti ba. Yawancin waƙoƙin gargajiya na Hausa kuwa a kan sautuka biyar suke tafiya, kuma gurmi da garaya da goge da kuntigi ba su da alamomi a wuya da za su tilasta wa yatsa wurin sauka. Inda yatsan Haruna Uji ko na Maman Barka ke sauka a gurmi, ko na Ɗan Maraya Jos a kuntigi, kunne ne ya zaɓe shi. Duk lokacin da aka shigar da irin wannan kiɗa kwamfuta aka daidaita shi da madannan fiyano, 'yan ƙananan bambance-bambancen da ke ba shi ɗanɗanonsa suna iya gogewa ba tare da kowa ya lura ba.

Safiyuddin ya fuskanci irin wannan matsala da kayan aikin da ba su wuce tsirkiya da ma'auni da alƙalami ba. Ya auna abin da makaɗan garinsu ke yi, ya ba shi lamba, ya zana shi. Shi ya sa har yau ana iya ɗaure ud yadda ya bayyana, a kaɗa karin da ya rubuta, alhali kiɗan ɗaruruwan gwanayen da suka yi zamani da shi ya bi su kabari. Awon da ya fara da shi, na rabi da kashi biyu cikin uku da kashi uku cikin huɗu, yana aiki a kan kowace tsirkiya, har da ta gurmin da ake kaɗawa a Cadawa.